Yadda Na Kai Wa Alhaji Ummaru Ƙaton Babur Daga Kwatano

Tafiyar nan ta ba ni wuya. Duk wanda ya ce maka Kwatano nan kusa ce, a waya ya je ta. Kwana goma sha ɗaya na yi, na dawo da ciwon baya, gwiwa a kumbure, tufafina duk warin albasa. Tun da na dawo kuma, kowa ya zo rumfata maimakon ya tambayi babur sai ya ja benci ya ce, "Garba, yaya Kwatano?" Na faɗi har bakina ya gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta. Karatuna bai wuce aji shida ba, wanda ya ga kure ya gyara da kanshi.

Shekara ashirin da shida ina saye da sayar da babura na hannu a cikin garin Sakkwato, irin ƙananan nan na 'yan kabu-kabu da malaman makaranta. A sana'armu akwai abu guda da ba a wasa da shi. Wanda ya sayar da babur shi ke hawanshi ya kai ƙofar gidan mai saye, inji na kuka, maƙwabta su ji su fito su sa albarka. Babur ɗin da anka kai bisa a-kori-kura, ko anka turo shi da hannu, gawa muke ce mishi. Ka kai gawa sau ɗaya, sunan ya bi ka, kuma masu saye su fara tsallake rumfarka. Ni ban taɓa kai gawa ba. Ba ni da gidan bene, ba ni da mota, wanga sunan shi ne abin da na tara.

Alhaji Ummaru falken shanu ne kuma mai rumfunan nama, ya daɗe yana saye a hannuna. Mutum ne ƙato. Duk babur ɗin da na sai mishi, wata shida sai ka ga bayanshi ya zauna. Wata rana ya zo ya miƙo mini waya.

"Garba, dubi wanga. Irinshi nika so."

Na duba. Babur ne irin manyan nan masu kwantaccen sirdi, mutum ya zauna kamar a kujerar falo, ƙafafu a miƙe gaba, hannuwa a sama. Nan garin fawabaik muke ce wa dukansu, can kuma kuruza suke ce wa irin wanga. Na ce mishi sai Kwatano. Ya ce to in tashi.

Nasiru, wanda rumfarshi ke jikin tawa, yana jin mu. Alhaji na tafiya ya leƙo.

"Baba Garba, da wagga gwiwar taka za ka hau shi? In kama maka a-kori-kura tun yanzu, ina da mutum."

"Kama wa kanka."

Amma maganar ta zauna mini, don gaskiya ya faɗi. Gwiwata ta hagu tun wata faɗuwa da na yi a hanyar Wamakko shekarun baya ba ta koma daidai ba. Kuma ban taɓa ɗora ƙafa bisa irin wanga babur ba.

Na tashi bayan asuba, na shiga motar Birnin Kebbi, daga nan wata motar zuwa Tsamiya, bakin iyaka. Mu bakwai a ƙaramar mota. Allah ya haɗa ni da wata Hajiya Kulu mai fataucin atamfa, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Malam, wannan ne zuwanka na fari." Na ce mi ya nuna. Ta ce babu mai zuwa Kwatano da babbar riga mai sitati sai baƙo. Kafin mu kai iyaka rigar ta koma kamar tsumman goge inji.

A ɗaya gefen iyakar na isa gaban jami'i na shiga gaisuwa yadda anka koya mini a gida, ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki. Mutumin ya tsaya yana kallona, ya faɗi kalma guda da Faransanci, ya miƙo hannu. Ni kuma na miƙa nawa na kama. Hajiya Kulu ta zunguro ni ta baya.

"Takarda yake so, ba hannunka ba. Da katin rigakafi."

Na ba shi, ya buga hatimi, har ya yi ɗan murmushi. Hajiya kuwa ta samu abin ba mutanen mota labari har Kandi.

A Kandi na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayanshi da tauri, ka gatsa ya kankare maka dasashi. Su kuma har yara na cinshi ba ruwa. A Faraku munka kwana, a wani masauki kusa da tasha, ɗaki da fanka mai ƙara fiye da iska. Amma abincin garin na yaba. Sakwara ce da miyar gyaɗa, da wani cukun nonon shanu da Fulanin wajen ke yi, a soya shi ya yi ja. Na ci na ƙara. Mu da muke zaune cikin shanu ba mu iya wanga ba, na rasa dalili.

Da safe anka sa mu babbar bas mai lamba a kujera. An ce ƙarfe bakwai. Ni na ɗauka irin bakwai ɗinmu ce, wadda ke nufin in mota ta cika, sai na tafi neman shayi. Ina kurɓa ta biyu na hango bas na fita daga tasha, Hajiya Kulu ta fito da kai ta taga tana kiran "Mai babura". Na bi ta da gudu da gwiwa ɗaya da rabi. Kujeru kusan biyar babu kowa, amma haka sunka tashi. Wanga abu har yau yana ba ni mamaki.

Kwatano kuwa zafinta daban. Namu na Sakkwato ya gasa ka ya bar ka a bushe. Nasu jiƙa ka yake yi, ka fito wanka kana neman wani wankan. Hajiya ta kai ni Zango, unguwar Hausawa, ta damƙa ni ga wani maigida, Malam Buhari, mai saukar da baƙin 'yan kasuwa, sannan ta kama gabanta. Shi kakanshi daga Gwadabawa ya zo, amma shi bai taɓa ganin Gwadabawa ba. Ina buɗe baki ya ce, "Basakkwace", ya rungume ni, ya sa in yi ta magana don ya ji irin harshen kakanshi. Ya ba ni tabarma da katifa a ɗakin baƙi, mu huɗu da wasu mutanen Dosso. Abinci daga cikin gida ake kawowa. Akwai wani abu fari da suke naɗewa a ganye, kamar kunu ne ya daskare, a ci da kifi da yaji. Ranar farko na ture. Ranar uku ni ke tambaya ko da saura.

Babura a garin nan sun fi ƙuda. 'Yan kabu-kabunsu duk riga ruwan ɗorawa da lamba a baya, kuma babura na da nasu layin a gefen titi. Mata na tuƙi, wata da goyo, wata da kwando a gaba, ba mai ko waiwayensu. Hular kwano dole ce. Malam Buhari ya ara mini guda, na yi ƙoƙarin kifa ta bisa hulata ta ƙi shiga. Haka na cire hula na cusa aljihu, na yi ta yawo a garin mutane kai kamar tukunya.

Malam Buhari ya kai ni wani fili kusa da tashar jiragen ruwa, inda ake ajiye manyan babura da anka sauke daga Turai. Na ɗauka zan tarar da wani ƙaton mutum. Sai ga mace, gajeruwa, ta kai shekara hamsin, da zane da tabarau, wai ita Madam Selestin, ita ke da wurin. Tana jin Hausa kaɗan saboda cinikin mutanen Nijar, sauran Malam Buhari ya fassara.

Ta nuna mini wani ja, sai ƙyalli yake. Ta taɓa maɓalli ya tashi nan take. Na bar shi na zagaya na duba wasu, na ce gobe zan dawo. Washegari na zo tun ba su gama shara ba, na wuce kai tsaye na ɗora bayan hannuna bisa injin jan nan. Da ɗumi. An riga an tashe shi an ɗumama kafin masu saye su zo. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina taɓawa, har na kai ga wani baƙi a can ƙarshe, da ƙarce a tanki, injinshi sanyi ƙalau. Na ce wanga za a tayar mini, a gabana. Madam ta sauke tabarau ta dube ni, ta yi dariya.

"Kai tsoho ne a aiki."

Ya tashi a bugu ɗaya, da sanyinshi. Na durƙusa na kasa kunne. Bugunshi a hankali, mai nauyi, babu ƙaran ƙarfe a sama, salansa ba hayaƙi. Na nemi kik na tayarwa da ƙafa ban gani ba, sai maɓalli kawai, abin da bai kwanta mini ba, amma ta ce duk haka suke. Sarƙa ma babu, bel ne. Munka yi ciniki har rana ta take, munka daidaita.

Sai ta miƙo mini makulli ta ce in zagaya fili.

Na hau. Na ɗaga shi daga jingine na ji kamar na rungumi bijimi. Na kai ƙafa inda na saba samun giya na taka iska, ashe tana can gaba. Na dai tashi. Na yi tafiya kamar taku ashirin lafiya lau, na zo juyawa, na karya kai na kama birkin gaba yadda nake yi wa ƙananan. Kafin in ce wani abu muna ƙasa ni da shi. Ma'aikatan wurin sunka juya baya suna dariya a ɓoye, wanda ya fi a yi ta a fili ciwo.

Na tashi na kama shi ina ja, ko motsi. Madam ta zo ta ture ni gefe. Ta juya mishi baya, ta sa ƙugunta a sirdi, hannu ɗaya a kan babur ɗin ɗaya a bayanshi, ta tura da ƙafafu kaɗan-kaɗan. Sai ga shi tsaye. Matar da ba ta kai kafaɗata ba.

Ta tambayi Malam Buhari ko ni zan riƙa hawa. Na ce a'a, kai shi kawai zan yi, na ba ta labarin al'adarmu da maganar gawa. Ta saurara har ƙarshe ta ce mu mahaukata ne. Su a mota suke kai wa mai saye, a naɗe da kwali, kuma shi ne mutunci. Malam Buhari ya ce, "Ka samu wani mai jini a jika can gida ya hau maka mana, wa zai ce wani abu?" Na ce Nasiru zai ce, kuma in bai ce ba ni na sani.

Madam ta ce in zo gobe da safe.

Kwana uku tana koya mini a bayan filin, ita a tsaye da lema, ni ina zagaya tsofaffin tayu. Hausarta ba yawa amma ta ishe ta faɗa.

"Bari kallon ƙasa. Dubi inda za ka."

"Bari kokawa da shi, ya fi ka ƙarfi."

"Birkin baya, tsoho. Baya."

Na sake faɗuwa sau biyu. Rabon da wani ya yi mini tsawa haka tun ina yaron shago, kuma ban ji haushi ba. Ranar ƙarshe ta sa na fita titi na bi layin babura har bakin teku na dawo. Masu tambayata teku, na gan shi. Ruwa ne, da yawa. Hankalina na kan kulochi. Da za mu rabu ta ba ni sabon filogi biyu kyauta, ni kuma na ba ta ƙullin kilishin da na taho da shi. Ta ɗanɗana ta ce in na dawo in kawo babba.

Komowa a motar albasa na yi. Wani direba, Shehu Dogo, mutumin Kware, ya sauke albasa zai koma da kayan gwanjo. Munka ɗora babur ɗin da katako, mutum shida, munka ɗaure da igiya, munka kewaye shi da dilolin gwanjo. Shehu ya ce in zauna gaba, na ce a'a, ina bayan tare da kayana. Kwana uku ina shaƙar abin da albasa ta bari. A iyaka takardun kwastan sun ci mana yini guda, amma komai ya fita daidai, na ninke su na sa a aljihun ciki.

Da munka wuce Bodinga na buga wa Shehu jikin mota ya tsaya. Munka samu wani tudu, mutanen da ke gefen hanya sunka taimaka anka sauke. Shehu ya ce, "Malam Garba, saura kaɗan fa, bari in kai ka cikin gari." Na ce daga nan da ƙafarshi zai shiga. Na buga wa Alhaji waya na ce bayan la'asar ina ƙofar gidanshi.

Wanga yanki na tafiyar shi ne mai daɗin. Hanya a miƙe, babur ya zauna a titi kamar an zuba shi, ƙaranshi na shiga har ƙirji. Tirela ta wuce ka ko girgiza babu. Na ce lallai Alhaji ya san abin da yake so. Ina shiga gari 'yan kabu-kabu sunka biyo ni suna hon, wani ya matso yana tambaya ko jirgi ne. Ni dai ina kallon inda za ni. A shataletale biyu na rage gudu da birkin baya na wuce lafiya.

Amma tun kafin in shigo gari gwiwar ta fara magana. Ƙafa a miƙe gaba ba hutu, ga canjin giya mai tauri. Ina hawa Sama Road na ji ta ɗaure. Da ƙyar na sauko da giya da dukan ƙafar tun daga ƙugu.

Na karya kwanar gidan Alhaji na tarar an shimfiɗa tabarmi. Mahautanshi, maƙwabta, limamin unguwa, ga Nasiru a gaba, wanda ba a gayyata ba. Na tsaya daidai ƙofa, na dire ƙafar dama, na bar injin ya yi kuka kaɗan kowa ya ji, na kashe. Anka shiga "ma sha Allah".

To ƙafar jingine babur a hagu take, da ƙafar hagu ake turo ta. Na ce wa ƙafata ta motsa, ta ƙi. Ga ni zaune, duk nauyin nan bisa ƙafa guda, ita ma ta fara rawa. In na saki, babur ɗin zai kwanta a ƙofar mai shi gaban liman, kuma wanga ya fi gawa muni.

Alhaji ya taso da fara'a. Anka shiga gaisuwa, kun san tamu ba ta ƙarewa. Ina gajiya, yaya hanya, yaya mutanen can, yaya ka baro su. Ina amsawa daga bisa babur, zufa na zuba. Na ga liman ya ɗan dube ni, don ba a gaida manya daga sama. Nasiru ya ce, "Baba Garba, ko ya yi maka daɗi ne ba ka son sauka?"

Na ce, "Alhaji, matso in nuna maka wani abu a nan."

Ya matso ya duƙo. Na yi ƙasa da murya.

"Gwiwa ta ɗaure. Ga ƙarfe nan ƙarƙashin ƙafata ta hagu, turo shi waje. Yi sauri."

Bai ko dubi fuskata ba. Ya tattare riga ya tsuguna, ya jawo ƙarfen da hannu, yana cewa da ƙarfi, "Af, ashe nan take. To, in an turo sai a kwantar da shi hagu ko?" Na ce haka ne, na sake shi a hankali ya zauna.

Ya miƙe ya ce, "Garba, zauna nan kar ka sauka, sai an ɗauke mu hoto." Ya ba Nasiru waya ya ce shi zai ɗauka. Anka ɗauka, ni bisa babur, Alhaji ya dafa kafaɗata. Sannan ya ce kowa ya shiga zaure ga gasasshen nama can yana hucewa. Ya tsaya har na ƙarshe ya shige, Nasiru ma sai da ya kora shi.

Da ya rage mu biyu ya sa hannu ƙarƙashin hammatana ya ɗaga ni cak, ya ajiye ni bisa dakali. Ya naɗe mini wando ya latsa gwiwar da babban yatsa, nan da nan, yadda yake duba dabba a kasuwar kara.

"Ba karaya. Gaɓar ce ta sha ruwa. Akwai wani maɗori a Dundaye, ka ce ni na turo ka." Ya dubi babur ɗin ya dube ni. "Daga ina ka hau shi?"

"Daga Bodinga."

"Da wagga ƙafa."

"Da ita."

Ya girgiza kai ya ce in ta warke ni zan koya mishi, don shi ma tsoron abin yake ji. Ya shiga ya kawo mini nama da kanshi. Muna ji daga zaure Nasiru na ba mutane labari wai tun farko shi ya san zan iya.

Washegari da safe na ɗingisa zuwa bakin titi na tare ɗan kabu-kabu, wani dattijo mai furfura kamar ni. Na hau baya, ƙafar hagu a miƙe waje kamar itace, na ce Dundaye, kuma a hankali. Ba mu yi nisa ba na taɓa kafaɗarshi na ce sarƙarshi ta saki, in mun dawo ya biya ta rumfata in ɗaure mishi.